Ɗan Bakin Kwara a Unguwar Manya

Duk ɗalibin da ka gani a jami'a yana fama da littattafai har tsakar dare, in da za a tona zuciyarsa, to, za a tarar da wani gida a gine a ciki. Gida ne mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, ga maigadi a bakin ƙofa, ga mota biyu a rumfa, ga 'yar koriyar ciyawa a shimfiɗe a tsakar gida. Ba mu faɗa, amma kowa ya san da nasa. To, ni Allah ya nufe ni da zama cikin irin wannan gida tun ban gama karatu ba, ba kuwa don na tara ko sisin kwabo ba, sai don ina da kawu. Shi ya sa na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin abin da na gani, tun da an ce gani ya kori ji.

Ni mutumin ƙasar Shanga ne, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi uku na masarautar Yawuri, watau Yawuri da Ngaski da Shanga. Ƙauyenmu a bakin Kwara yake. Yaro a wurinmu kan koyi iyo kusan lokacin da yake koyon tafiya, ba kuwa wanda zai iya gaya maka ranar da ya fara riƙe filafili. Sau biyu kogin kan cika a shekara. Akwai cikar damina, mai ruwa fari saboda laka, sa'an nan akwai ta lokacin ɗari, mai ruwa baƙi garau, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini, ya ratsa ƙasar Mali, ya yi watanni a hanya kafin ya iso gare mu. Saboda haka mu ruwa ba abin lissafi ba ne. Abin da muke tsoro shi ne yawansa: ya ci gonar shinkafa, ko ya kife jirgi da 'yan kasuwa.

A 2019 na sami shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na kama hanyar Sakkwato. Wanda ya saba bin wannan hanya ya san yadda ƙasa ke sauya kama. Daga Koko zuwa Jega da sauran itatuwa, amma in an wuce Tambuwal aka doshi Shagari da Boɗinga, sai ka ga itace ya gajarce, ya yi nesa da ɗan'uwansa, ƙasa ta yi ja, iska ta bushe. Yalwa kan sami ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, Sakkwato kuwa ba ta cika haura 700 ba, shi ma cikin 'yan watanni kaɗan yake zuba ya ɗauke. A watan Afrilu da na Mayu zafi kan wuce digiri 40 kwana da kwanaki. Na san masana ilmin ƙasa za su ce Sakkwato ba hamada ba ce, bakin hamada ce. Na yarda. Amma ga wanda ya tashi yana jin kukan dorina da dare, bakin da cikin duk ɗaya ne.

Gidan kawuna yana tsohuwar unguwar Turawa, wadda ake kira G.R.A. Ya kamata mai karatu ya san asalin irin waɗannan unguwanni, domin halinsu na yau daga can ya samo tushe. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, amma ba su zauna cikin birni ba, sai suka koma gefe suka kafa barikinsu. A 1917 Gwamna Lugga ya yi dokar tsarin garuruwa, aka kuma tsara a bar fili mai faɗin yadi 440, watau rubu'in mil, ba gini ko ɗaya, tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Hujjarsu ita ce sauro: wai kada ya ciji ɗan ƙasa ya tashi ya kai wa Bature zazzaɓi. Haka aka yi Nasarawa a Kano, haka aka yi a Kaduna da Zariya. Baƙar fatar da aka yarda ya kwana ciki shi ne kuku da boyi, su ma a 'yan ɗakunan bayan gida. Da aka sami 'yancin kai a 1960, Turawa suka riƙa fita, manyan ma'aikatanmu suka riƙa shiga. An sauya masu gida, amma ba a sauya manufar unguwar ba, watau nisantar jama'a. Bambancin kawai shi ne, Bature da fili ya yi shinge, mu kuwa da filin ya ƙare sai muka tsayar da shi tsaye, ya zama katanga.

A ɗaya daga cikin waɗannan ɗakunan baya aka sauke ni, aka gyara mini shi tsaf. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, jama'a, wurin da daɗi. Titi a share, dogon yaro ya yi layi dama da hagu, inuwa ta haɗe a sama. Da ka shigo daga cikin gari sai ka ji iska ta sauya. Ba hayaniyar 'yan kabu-kabu, ba mai niƙa, ba akuyar maƙwabci da za ta cinye maka takardar lacca. Abokaina na ɗakin kwanan ɗalibai suna kwana waje bisa tabarma saboda zafi, ni kuwa ina lulluɓe da bargo a watan Afrilu. Karatun da nakan yi cikin dare ɗaya, wani sai ya yi kwana uku bai yi shi ba. Duk wanda ya ce maka talauci ya fi kwanciyar hankali, ka tambaye shi ko ya taɓa kwana a ɗaki mai iyakwandishan cikin bazarar Sakkwato.

Abin da ya fara damuna shi ne shirun. A ƙauyenmu in ka yi tari da dare, da safe mutum uku za su tambaye ka jiki. A nan kuwa na shekara guda ban san fuskar mai gidan da muke katanga ɗaya da shi ba. Motarsa na sani, da irin hon ɗinta. Mutum kan fito daga ɗaki mai sanyi, ya shiga mota mai sanyi da baƙin gilashi, ya sauka a ofis mai sanyi. Ƙafarsa ba ta taka titin unguwarsa ba, alhali kuwa an ce zumunta a ƙafa take. Wata rana muka ga motoci sun cika layi a ƙofar wani gida na uku daga namu, muka ɗauka taron siyasa ne. Sai bayan kwana biyu muka ji a sanarwar rediyo cewa maigidan ne ya rasu. Kawu ya yi salati, ya sa babbar riga, ya shiga mota, direba ya ja shi tafiyar da ba ta kai taku ɗari biyu ba, ya je ya yi ta'aziyya.

Kada a ce na yi wa kawu rashin adalci. Mutum ne mai hannu sake. Rabin yaran danginmu da ke makaranta shi ke biya musu. Katangar nan kuma ba girman kai kaɗai ya gina ta ba, da tsoro a ciki. Tun da aka shiga zamanin satar mutane don kuɗin fansa, duk wanda aka san yana da abin hannu ya zama nama. Bayan da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, kawu ya ƙara wa katanga bulo uku, ya ɗora waya mai ƙaya, ya kuma rage zuwa gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, amma ba zancen katanga ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Zancen ruwa ne.

Duk daɗin unguwar nan, in ka bi shi a hankali, a ruwa zai tsaya. Inuwar, ruwa ce. Ciyawar, ruwa ce. Motar da ake wankewa kowace safiya, ruwa ce. Har sanyin ɗakin ma ruwa ne, kuma a nan ne abin ya taɓa ni. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Da ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya haɗiye tsohon garin Busa, da gungaye masu yawa, da gonakin fadama, aka tashi mutum kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. Dangin mahaifiyata Gungawa ne, suna cikin waɗanda aka tasa. Daga madatsar babban layin wuta mai kilobolt 330 ya miƙe zuwa Birnin Kebbi, can aka rage ƙarfinsa zuwa 132, reshe ɗaya ya nufo Sakkwato, ɗaya ya tsallaka iyaka zuwa Yamai. Gaskiya ne wutar ƙasar nan a haɗe take, ta Kainji da ta Jebba da ta Shiroro da ta iskar gas ta kudu, amma ƙofar da take shigowa Sakkwato ita ce wannan. Ga wani abin mamaki kuma: gulbin Rima da na Sakkwato, waɗanda suka haɗu a nan bakin birni, su ne ke gangarawa ta Argungu da Birnin Kebbi su faɗa Kwara sama da ƙasarmu. Watau ruwan da ya wuce ta ƙarƙashin gadar Kwalkwalawa, a hanyarmu ta zuwa lacca, shi zai wuce ta ƙofar gidanmu, ya shiga tafki, ya juya injin, ya komo ta waya ya sanyaya ɗakin kawu. Ƙauyenmu kuwa, da ruwan ya bi ta gabansa, da fitilar tocila ake cin tuwon dare.

Wanda ya fi kowa fahimtar wannan zance a gidan shi ne maigadi. Buzu ne, dattijo, daga ƙasar Azawak arewa da Tawa. Farin 1984 ya ƙarar da dabbobin gidansu, ya gangaro kudu yana saurayi, bai sake komawa da zama ba. Baba nake ce masa, shi kuwa ya sa mini suna Ɗan Ruwa. Da dare nakan zauna wurinsa yana dafa shayi a 'yar butarsa, in na ce Sakkwato hamada ce sai ya yi dariya har amawalinsa ya zame.

Ya ce, "Ɗan Ruwa, garin da ke da gulbi biyu shi ne hamada? A wurinmu rijiya gaba arba'in ce ko fi. Raƙumi ke jan guga, sai ya yi tafiya har ka ga ya ƙanƙance kafin guga ta fito."

Na sha kallonsa yana alwala. Buta ɗaya ta ishe shi salla uku, ba ɗigon da ke faɗuwa banza, abin da ya zuba ma a gindin wata 'yar bishiyar lemo yake zuba. Ni kuwa ɗan bakin kogi, bokiti biyu nake wanka da su. Sai na lura mu uku ne a gidan, kowa da irin zamansa da ruwa. Ni ban iya tattalinsa ba don na tashi cikin yalwarsa. Baba yana tattalinsa don ya ga ranar da babu. Mutanen cikin gida kuwa, 'ya'yan kawu da aka haifa a nan, ba su san yalwa ba, ba su san babu ba. Famfo suka sani. Na taɓa tambayar ƙaramin daga ina ruwa ke zuwa, ya nuna mini tankin da ke bisa ƙarfe a bayan gida.

Da gaskiyarsa. Ruwan famfon gari daga gulbi ake ɗebo shi, gulbin kuma da rani yana dogara ga abin da aka sako daga madatsar Goronyo, wadda aka gama a 1984. A 2018 ruwanta ya ja baya ƙwarai har hankalin hukuma ya tashi. Malamanmu da suka daɗe a nan kuma za su tuna 2010, lokacin da ambaliya ta yanke hanyar jami'a da gari. Gulbin ke nan, yau ƙamfa gobe ɓarna. Saboda haka kowane mai hali a unguwarmu ya haƙa rijiyar burtsatse tasa, ya sa injin, ya kafa tanki, ya cire kansa daga wahalar gari. Wanda ya cire kansa daga wahala kuwa ba ya zuwa taron neman maganinta. Mutanen da muryarsu za ta kai inda ake so, su ne ba su san famfo ya ƙafe ba.

Bayan katangarmu ta gabas akwai wata 'yar unguwa ta masu ƙaramin ƙarfi, inda direbobi da masu wanki da masu aikin gidajen manya ke zaune. Su 'yan garuwa ke kai wa ruwa a kura, jarka-jarka, kuɗin kuma kullum gaba yake yi. Shekarun baya kawu ya sa aka huda katangar aka fito da bakin famfo ɗaya waje, sadaka. Tun asuba mata da yara ke layi. Azumin 2021 da na 2022, da suka faɗo tsakiyar bazara, har ƙanƙara Hajiya kan sa a miƙa musu da la'asar, sai ka ga yaro ya rungume ƙullin ƙanƙara a ƙirji yana gudu kamar ya tsinci zinariya. Wannan famfo ne ya jawo mana saƙo na farko daga maƙwabcinmu na katanga. Maigadinsa ya aiko da 'yar takarda, wai hayaniyar masu ɗiban ruwa tana hana shi barcin safe, kuma ba a san wanda ke fakewa cikinsu yana leƙen gidaje ba. Kawu ya karanta, ya ninke, ya sa aljihu, ya rage lokacin buɗewa zuwa sa'a biyu da safe, biyu da yamma.

Sai ga 2023. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. A watan Satumba kuma gobara ta kama tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi, Sakkwato ta shiga duhu. Injin rijiya ba ya tashi sai da janareta, janareta ba ya tashi sai da mai. Da damina ta ɗauke, kawu ya zauna ya yi lissafi. Tanki biyu ake cikawa bayan na amfanin gida: ɗaya ciyawa da furanni ke shanyewa, ɗaya na mutanen waje. Ya ce ɗaya zai iya ɗauka. Hajiya ta ce gida ba ciyawa ai ya zama kango, me baƙi za su ce? Ba muguwar mace ba ce, ita ce mai ƙanƙara. Amma ciyawar nan ta yi shekara goma sha biyar tana renonta.

Ba mu kaɗai ke cikin irin wannan lissafi ba. A Amurka, jihar Nebada, inda birnin Las Begas yake tsakiyar hamada yana shan ruwan kogin Kolorado, an yi doka a 2021 ta hana shayar da ciyawar ado da ba a amfani da ita a wuraren kasuwanci da gefen tituna, daga farkon 2027. A jihar Arizona kuwa, ranar 1 ga Janairu na 2023, birnin Sikotsdel ya daina sayar wa wata unguwar masu hali da ke gefensa ruwa, ɗaruruwan gidaje masu tsada suka wayi gari suna neman tankar da za ta kawo musu daga nesa, aka yi watanni kafin a daidaita. Su ma dai 'yan garuwa suka koma jira, sai dai kurarsu babba ce.

Ana cikin wannan ne aka kawo Kaka daga gida don a yi mata aikin yanar ido. Wata biyu ta yi tare da mu. Daren farko ta ce a kashe mata wannan abin mai hura ɗari, ta ja tabarma ta fito baranda. Kwana uku tana tambaya ina matan unguwa, ba su ji an yi baƙuwa ba ne? Da ido ya washe, ita da kanta ta gano inda mutane suke. Kullum da hantsi sai ta sa in ɗaukar mata kujera 'yar tsugunne, mu zagaya bayan katanga, ta zauna wurin famfo. Kafin mako biyu ta san sunan kowace mace, da na mijinta, da wadda ke da ciki, da wadda ɗanta ke kwance. Abin da ban sani ba cikin shekara huɗu.

Can ta ji labarin za a rufe famfo. Da dare kawu ya zo gaishe ta, ya durƙusa gefen tabarma. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

Ta ce, "Kai, wannan ciyawa da ake ba ruwa safe da yamma, wace dabba ke cinta?"

Ya ce, "Ba mai ci, Inna. Ado ce."

Ta ce, "Ko a miya ba a sa ta?"

Ya ce, "A'a, Inna."

Ta yi shiru. Sa'an nan ta shiga ba shi labarin da ya sha ji, amma ni ban taɓa jinsa da irin wannan murya ba. Tana 'yar budurwa aka zo da jirgi aka kwashe su daga gungunsu. Ta ce suna kallo ruwa ya hau fadamar albasar babansu, ya hau turakun awaki, ya hau makabarta. Aka kai su gidajen siminti masu rufin kwano mai lanƙwasa, waɗanda da rana ba sa shiguwa don zafi. Aka ce musu haƙuri za su yi, ruwan nan ƙasa duka za ta amfana da shi.

Ta ce, "Mun ba da gari guda saboda mutanen da ba mu sani ba su sami haske. Kai bakin famfo ɗaya ne ya gagare ka?"

Kawu bai ce komai ba sai, "Allah ya huci zuciyarki, Inna." Ta juyo gare ni ta ce, "Kai kuma maigidana, kana zaune kana ta zare ido, tashi ka kawo mini goro."

Famfo dai bai rufu ba. Daga baya ma kawu ya sa wa rijiyar injin mai aiki da hasken rana, abin da Sakkwato ba ta taɓa rasawa ba. Ciyawa kuwa aka bar ta, cikin mako uku ta zama karmami. Hajiya ta yi kwanaki ba ta bi ta wannan gefen. Kafin Kaka ta koma ta aika gida aka kawo mata irin albasa, ta sa ni da Baba muka kafce rabin filin muka ja fangali, tana zaune tana nuna mana da sanda, tana faɗan ba mu iya komai ba. Baba ya karɓi aikin ban ruwa. Da gwangwani yake aunawa, fangali-fangali, da ruwan da aka wanke shinkafa da na alwala duk yana tarawa. Ni da na tashi ina ganin ana malala wa albasa ruwa har ta yi iyo, na ce ba za ta yi ba. Ta yi.

A watan Maris na 2024 muka cire buhu uku da 'yan kai. Hajiya da kanta ta fito ta tsaya a kan rabo, ta zaɓi manya-manya ta cika kwando, ta ce a kai wa maƙwabcinmu mai takarda. Baba ya ɗauka ya miƙa wa maigadinsu ta 'yar ƙaramar ƙofa. Da yamma kwandon ya dawo da dabino a ciki. Har yanzu dai ban ga fuskar mutumin ba.